Amsa Kira: Rawar Mai Sauraro Wajen Gina Zumunci a Roni da Ƙasar Kazaure

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda martanin mai karatu da mai sauraro, wato wasiƙa da katin gaisuwa da kiran waya, yake haɗa mutanen da ba su taɓa ganin juna ba har su zama jama'a guda mai hakkin zumunci a tsakaninta. An ɗauki Roni da maƙwabtanta, Kazaure da Gwiwa da Ɓaɓura, a matsayin farfajiyar nazari. An bi sawun al'adar mayar da martani tun daga sallama da tatsuniya da amshin waƙa, aka gangaro kan wasiƙun jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da filayen gaishe-gaishe na rediyo, da ƙungiyoyin masu sauraro na Jamhuriyar Nijar, har zuwa zamanin wayar hannu. Matsayar maƙalar ita ce, babbar ribar martani tana komawa ne ga masu martanin su da kansu, domin ta nan suke sanin juna. Ta fito da sharuɗɗa uku da suke sa martani ya haifi zumunci, ta nuna abubuwan da suke gurɓata shi, sannan ta ba da shawarwari.

1.0 Gabatarwa

Yawancin nazarce-nazarcen da ake yi a kan kafafen yaɗa labarai na Hausa sun fi mayar da hankali ga mai magana. Ana tambayar wa ya kafa gidan, wa ya fara karanta labarai, wace irin Hausa ake amfani da ita, waɗanne sababbin kalmomi aka ƙirƙira. Shi kuwa mai sauraro sai a ambace shi a dunƙule, a ce miliyoyi ne, a wuce. Amma duk wanda ya taɓa zama teburin mai shayi da hantsi ya san mai sauraron Hausa ba ya yin shiru. Yana musu da akwatin rediyo, yana gyara wa mai gabatarwa sunan gari, kuma in abin ya kai shi bango sai ya nemi takarda ko ya danna waya.

Tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce: wannan martani, me yake ginawa? An saba cewa yana taimaka wa gidan rediyo ya san ko ana jin sa, ya kuma samu abin nuna wa masu talla. Haka ne. Sai dai akwai wani amfani da ya fi wannan zurfi. A lokacin da aka karanta sunan wani mutumin Roni a iska, ba mai gabatarwa kaɗai ya ji shi ba. Wani a Daura ya ji, wani a Magarya ya ji, wani ɗan cirani a Legas ya ji. In sunan ya yawaita fitowa sai su riƙe shi, wata rana su gaishe shi, wata rana kuma su zo masa biki ko ta'aziyya. Wannan hanya daga kunne zuwa ƙofar gida ita ce abin nazarinmu.

1.1 Farfajiyar Nazari

Roni ƙaramar hukuma ce a arewa maso yammacin Jihar Jigawa, ɗaya daga cikin huɗu da suke ƙarƙashin Masarautar Kazaure, tare da Kazaure da Gwiwa da 'Yankwashi. Ɓaɓura kuwa, wadda take kusa da iyakar Jamhuriyar Nijar, tana ƙarƙashin Masarautar Ringim, amma kasuwa da auratayya da hanya sun ɗaure ta da ƙasar Kazaure. Masarautar Kazaure ta samo asali ne daga Ɗantunku, wajejen 1819, kuma a zamanin Turawa tana cikin Lardin Kano. Ta ci gaba da zama cikin Jihar Kano har ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka ƙirƙiri Jigawa, aka sa hedikwata a Dutse.

Wurin da yankin yake yana da muhimmanci ga wannan nazari. Ƙasar Kazaure tana tsakanin Kano da Katsina, a kan hanyar Kano zuwa Daura. Mutumin Roni da yake da buƙata a Dutse, hanyar da ya fi bi sai ta ratsa da shi ta cikin Jihar Kano. Ke nan hukumarsa tana gabas mai nisa, kasuwarsa tana kudu, danginsa kuma suna warwatse yamma da arewa. Haka ma kunnensa: yana kama tashoshin Kano da na Katsina da na Jigawa, ga Kaduna, ga na ƙetare. Mutanen da suke zaune a irin wannan mahaɗa sukan ji labarin kowa, amma ba kasafai ake jin nasu ba. Shi ya sa hanyar mayar da martani take da daraja ta musamman a wurinsu.

2.0 Ra'ayoyin Masana

Tun a 1932 marubucin nan na Jamus, Bertolt Brecht, ya soki rediyo da cewa baki gare ta, ba ta da kunne. Ya nemi a mayar da ita na'urar da za ta riƙa karɓa kamar yadda take bayarwa, mai sauraro ya zama mai magana. A 1983 Benedict Anderson ya kawo ra'ayinsa da ya shahara, cewa masu karanta jarida ɗaya a safiya ɗaya sukan ɗauki kansu al'umma guda ko da ba za su taɓa haɗuwa ba, kuma irin wannan tunani ne ya taimaka wajen haifar da kishin ƙasa. Karin Barber, a wata maƙala ta 1997 kan masu kallo da sauraro a Afirka, ta nuna cewa su ma suna da hannu wajen gina ma'anar abin da aka gabatar musu. Brian Larkin kuma, a littafinsa na 2008, ya bi tarihin shigowar rediyo da sinima birnin Kano.

Ra'ayin Anderson ya haska mana hanya, amma bai kai mu gida ba. Al'ummar da ya siffanta ta zuci ce, membobinta ba su da suna a wurin juna. Mai sauraron Hausa bai gamsu da wannan ba. Yana son ya san wane ne ɗan'uwansa mai sauraro, ɗan wane gari ne, me yake sayarwa, yaushe zai aurar da 'yarsa. Abin da ya cike wannan giɓi shi ne martani, kuma a nan maƙalar take son ta ƙara nata.

3.0 Tushen Amsa a Al'adar Bahaushe

Kafin jarida da rediyo, Bahaushe ya riga ya ɗauki amsa a matsayin hakki. Ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a makarantar zaure ya san hukuncin: fara sallama sunna ce, amsa ta kuwa wajibi ne, in mutum ɗaya ya amsa a cikin jama'a ya ɗauke wa saura. Nauyin da aka ɗora wa mai amsawa ya fi na mai farawa. Wanda aka yi wa sallama ya yi gum, ya yanke wata igiya, kuma kowa a wurin zai ji a jikinsa.

Haka abin yake a adabin baka. Mai tatsuniya ba ta ci gaba sai yara sun amsa mata buɗewar. Makaɗin fada ko na noma ba ya tafiya sai da 'yan amshi, su ne suke riƙe masa gindin waƙa ya samu numfashi ya ɗauko wani ɗa. A majalisar dattawa ta ƙofar gida, mai ba da labari yana jiran "ƙwarai kuwa" da "ikon Allah" da "sai aka yi yaya?", in bai ji su ba labarin ya mutu a bakinsa. A fada ma akwai masu amsa gaisuwa a madadin sarki. Duk waɗannan suna nuna abu ɗaya: a wurin Bahaushe magana aikin mutum biyu ce aƙalla. Saboda haka da sababbin kafafe suka zo masu magana ta fuska ɗaya, jama'a ba su zauna sun zuba musu ido ba, sai suka shiga neman ƙofar da za su mayar da amsa.

4.0 Tarihin Martani a Kafafen Hausa

4.1 Jarida

Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya cikin Janairun 1939, ƙarƙashin kulawar Rupert East, Abubakar Imam kuma shi ne editanta na Hausa. Hukumar mulkin mallaka ta so ta zama hanyar isar da saƙonta, musamman da yaƙin duniya na biyu ya ƙarato. Amma shafin wasiƙu ya ba ta wata fuska. Malaman makaranta da ma'aikatan En'e da sojojin da suke bakin daga suka riƙa rubutowa, wani ya kawo kuka, wani ya ba shi amsa a fitowa ta gaba, na uku ya shigo ya raba gardama. Masu ilimin boko na Arewa a lokacin 'yan kaɗan ne, kuma a warwatse suke cikin larduna. A wannan shafi da yawansu suka fara sanin sunayen juna. Ba abin mamaki ba ne da shekarun nan na 1940 suka zama na ƙungiyoyin tattaunawa, irin wadda Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi zama a cikinta a Bauci, da Jam'iyyar Mutanen Arewa da ta fara a matsayin ƙungiyar al'adu kafin ta rikiɗe ta zama ta siyasa a 1951.

A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, hukumar wallafa ta NORLA ta fito da ƙananan jaridu na larduna, irin su Sodangi ta Kano da Himma ta Katsina da Zaruma ta Sakkwato. Wannan ya kusanto da rubutu ga mutanen karkara irin na ƙasar Kazaure. Kwafi ɗaya yakan zaga hannu da yawa, mai iya karatu ya karanta a bayyane, saura su saurara su yi sharhi. Wasiƙar da ta fita daga irin wannan zama, ko da sunan mutum ɗaya take ɗauke da shi, sau da yawa ra'ayin majalisa ce gaba ɗaya.

4.2 Rediyo

Rediyo ta iso Kano a 1944 a matsayin akwatin da ake jawo masa waya daga tasha, ana kafa shi a wuraren taruwar jama'a da gidajen masu biyan kuɗi. Mai akwatin ba shi da ikon sauya tasha. Ƙauyuka irin na Roni ba su shiga wannan tsari ba, sai da ƙaramar rediyo mai batir ta yaɗu a shekarun 1960. Tun daga wajejen wannan lokaci tashoshin Hausa suka fara yawaita. Sashen Hausa na BBC ya fara ranar 13 ga Maris, 1957, da shiri na minti 15. Gidan Rediyon Kaduna ya buɗe a 1962, Muryar Jamus ta fara Hausa a 1963, Muryar Amurka a 1979, Rediyon Faransa kuma a 2007.

Kusan dukkansu sun buɗe filin martani. Tashoshin ƙetare sun yi suna da filayen amsa tambayoyi, irin su Amsoshin Takardunku, inda mutum zai aiko tambaya a kan tarihin wata ƙasa ko dalilin kusufin wata, a nemo masani ya amsa. Daga baya aka samu filayen muhawara irin su Ra'ayi Riga na BBC. Tashoshin gida kuwa suka riƙe filayen zaɓe da gaisuwa, waɗanda aka fi sani da Zaɓi Sonka. Masana sukan raina waɗannan na ƙarshe, su ce ba komai a cikinsu sai jerin sunaye. A ganin wannan maƙala, jerin sunayen nan shi ne inda aikin zumunci ya fi ƙarfi.

4.3 Darasi daga Nijar da Sauran Ƙasashe

Akwai ƙasashen da suka tsara martani da gangan. A Kanada, daga 1941 zuwa 1965, manoma maƙwabta sukan taru a gidan ɗayansu ranar Litinin da dare su saurari shiri, su tattauna, su rubuta matsayarsu su aika, a karanta taƙaitawarta a iska. An gwada irin wannan a yankin Pune na Indiya a 1956, da Gana a tsakiyar shekarun 1960.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne na Nijar. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo a can. Masu jagorantar kulob, da yawansu malaman makaranta, sukan ɗauki rikoda su shiga ƙauye su naɗi muryoyin mutane a kan wani batu, kamar kiwon lafiya ko noma ko haraji. A kai faifan Yamai a tace, a watsa da Hausa da Zabarmanci, a taru a saurara, a sake tattaunawa, a aika da rahoto. Manomi yana jin muryar manomi ɗan'uwansa tana fitowa daga akwati. Wannan ya rushe ganin da ake yi cewa rediyo bakin hukuma ce kaɗai. Ga yanki irin Ɓaɓura da ke kallon iyaka, wannan tarihi na maƙwabta ne, kuma akwai abin koyi a cikinsa.

5.0 Yadda Martani Yake Zama Zumunci

5.1 Katin Gaisuwa

Bari mu dubi katin zaɓe da kyau, yadda aka san shi a garuruwa irin Roni kafin waya ta yaɗu. Wakilin gidan rediyo, wanda sau da yawa mai kanti ne ko mai sayar da kaset, shi yake kawo katunan. Mai gaisuwa ya saya, ya zauna a bencin tela ko gefen teburin mai shayi, ya fara lissafi. Filin rubutu kaɗan ne, mutanen da suke da hakki a kansa suna da yawa. Sai ya fara da iyaye, ya sa maigidansa na sana'a, ya sa abokin da ya gaishe shi makon jiya daga Malumfashi, domin bashi ne. Na kusa da shi suna leƙe, wani yana cewa kada a manta da shi. In bai iya boko ba, ɗan makaranta ne zai rubuta masa, shi ma a saka sunansa a ƙarshe a matsayin lada. Daga nan a ba direban motar Kano, ko a kai gidan waya a Kazaure, a zauna jira.

Ranar da ake sa ran fitowarsa, rediyo tana rataye a reshen dalbejiya ko a kan buhun gero, an ja eriya, an hana yara surutu. Da mai gabatarwa ya ambaci sunan, ya haɗa da laƙabinsa da unguwarsa da "Roni", sai wurin ya kaure. Kafin la'asar an tare shi a kasuwa ana cewa, "Mun ji ka, mun ji ka!" Wanda aka tsallake kuma zai zo da ƙorafinsa.

Abin lura a nan shi ne, kati ɗaya ya motsa mutane da yawa kafin ya bar gari: mai sayarwa, mai rubutawa, masu leƙe, direba. Ya ci kuɗi, ya ci lokaci, ya sa mutum ya zauna ya auna wa ya fi cancanta. Wannan wahala ita ta ba shi nauyi.

5.2 Sharuɗɗa Uku

Daga wannan misali za a iya fitar da abubuwa uku da sai sun haɗu martani yake haifar da zumunci.

Na farko, suna da gari. Mai gaisuwa yana bayyana kansa, yana jingina kansa da wuri da sana'a. Wanda ya ce shi mai gyaran keke ne a Amaryawa ta ƙasar Roni ya ba da adireshin da za a same shi, don haka zai kiyaye harshensa. Ya kuma ɗaga sunan garinsu. Ƙauyuka da yawa da ba a taɓa jin su a labarai ba, ta bakin 'yan gaisuwa aka san su a faɗin ƙasar Hausa.

Na biyu, ramawa. Gaisuwar da ba a mayar ba takan tsaya nan. Amma in na Zugai ta ƙasar Roni ya gai da na Damagaram, na Damagaram ya rama, an ƙulla wani abu. A nan mai gabatarwa ya koma ɗan aike kawai, zancen yana gudana tsakanin masu sauraro. Haka a filin muhawara: daraja tana samuwa ne lokacin da mai magana na biyu ya nuna ya ji na farko, ya ambace shi, ya yarda da wani ɓangare ya ƙi wani.

Na uku, tattaki. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Ƙungiyoyin Zaɓi Sonka da na masu sauraro da suka bazu a Arewacin Nijeriya da Nijar sun tabbatar da haka. Suna da shugaba da sakatare da ma'aji, suna karo-karo, suna ɗaukar mota zuwa bikin wanda muryarsa ko sunansa kaɗai suka sani. Sukan ziyarci marasa lafiya, su yi aikin gayya, su sada mai neman aiki da mai bayarwa. Ɗan kasuwar da ya sauka baƙon gari yakan nemi abokin gaisuwarsa ya zama masaukinsa. In aka kai wannan mataki, ko tashar ta daina shirin, zumuncin yana nan.

5.3 Mata da 'Yan Cirani

Rukuni biyu sun fi kowa cin moriyar wannan hanya. Matan aure da suke cikin gida ba sa zuwa majalisa, amma rediyo tana tsakar gida tare da su, suna sana'ar ƙuli-ƙuli ko saƙar hula tana magana. Kati da wasiƙa sun ba su damar gai da iyaye da ƙawayen da aure ya kai nesa, da yin tambaya a kan lafiya ko addini ba tare da sun fita ba. Irin wannan ne ya sake bayyana a littattafan soyayya na Kano daga ƙarshen shekarun 1980, inda marubuta suke sa adireshinsu, masu karatu su rubuto, a jera sunayensu a littafi na gaba.

Sai 'yan cirani. Da an gama girbin gero da dawa da gyaɗa, samari da yawa daga wannan yanki sukan nufi Kano ko Abuja ko kudu neman kuɗi. Kafin waya, gaisuwar rediyo takan zama shaidar cewa mutum yana raye kuma yana lafiya. Uwa ta ji sunan ɗanta daga Fatakwal, hankalinta ya kwanta.

6.0 Zuwan Waya da Ƙalubalensa

Abubuwa biyu sun sauya fagen. Dokar 1992 da ta kafa Hukumar Kula da Kafafen Yaɗa Labarai ta Ƙasa ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi, har Freedom Radio ta fara aiki a Kano a Disambar 2003. Wayar hannu kuma ta shigo Nijeriya a 2001. Haɗuwar waɗannan biyu ta sa martanin da yake ɗaukar makonni ya koma na nan take. Wanda bai iya rubutu ba ya samu baki. Mutanen ƙauye suna iya kiran tasha su ce rijiyar burtsatse ta lalace, ko taki bai iso ba, ko gada ta karye, kuma sau da yawa jami'i yakan motsa don gudun a sake ambatar sunansa. Wannan ci gaba ne da ba a musu.

Amma sauƙin ya zo da nasa illolin. Na ɗaya, waɗanda suke da kuɗin kati da lambar ma'aikatan tasha su ne kullum suke shiga, har mai sauraro ya haddace muryoyinsu. 'Yan tsirarun nan sai a ɗauke su muryar jama'a. Na biyu, siyasa ta gano darajar martani ta saye shi. Waɗanda ake kira sojojin baka suna magana da sunan talaka, alhali akwai mai biya a bayansu, kuma yabo da zagi ne jarinsu. Na uku, sunan ƙarya da ɓoye gari sun cire kunyar da take tsare harshe. Na huɗu, gaggawa ta rage sauraro: mai kira yakan shigo da abin da ya riga ya shirya, bai ji abin da na gabansa ya faɗa ba. In aka auna da sharuɗɗa ukun da aka kawo, za a ga kowace illa tana rushe ɗaya daga cikinsu ne. Martani ya yawaita, amma wanda yake ƙulla zumunci bai yawaita daidai da shi ba.

7.0 Shawarwari

Na farko, tashoshin da ake ji a wannan yanki su ware lokaci na musamman ga ƙananan hukumomin da suke nesa da hedikwata, su riƙa bin layi, yau Roni, gobe Gwiwa, jibi Ɓaɓura, maimakon barin layin waya ga mai tsawon hannu.

Na biyu, a farfaɗo da dabarar Nijar ta 1962 da kayan yau. Wayar da take aljihun kowane saurayi tana naɗar murya. Ƙungiyar masu sauraro a Gora ko Ɗansure na ƙasar Roni za ta iya tara ra'ayin manoma da matan gida a kan batu ɗaya ta aika wa tasha. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure za su iya taimakawa wajen tacewa da horarwa.

Na uku, masu gabatarwa su ɗauki haɗa masu kira da juna a matsayin aikinsu. Tambaya ɗaya ta isa: "Malam, ka ji abin da na gabanka ya ce, me ka gani?"

Na huɗu, a raba filin da aka saya da filin jama'a, a faɗa a fili in an biya, domin mai sauraro ya san da wa yake magana.

Na biyar, sassan Hausa da na aikin jarida a jami'o'inmu su tura ɗalibai su tattara tsofaffin katuna da wasiƙu da rajistar ƙungiyoyi, su yi hira da dattawan 'yan gaisuwa tun suna raye. A cikin waɗannan takardu akwai taswirar zumuncin ƙasar Hausa ta rabin ƙarni.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa mayar da martani tsohuwar ɗabi'a ce a wurin Bahaushe, wadda addini da al'ada suka ƙarfafa, kuma ita ce jama'a suka ɗora a kan jarida da rediyo har suka mayar da su dandalin sada zumunci. Ta nuna cewa a wuri irin Roni, da yake jin kowa amma ba a cika jin sa ba, martani ya zama hanyar shiga cikin zancen ƙasa da kuma samun 'yan'uwa a nesa. Ta kuma kafa ma'auni uku, suna da ramawa da tattaki, waɗanda za a iya gwada kowace sabuwar kafa da su. Na'ura za ta ci gaba da sauyawa. Abin da ya rage ga masu nazari da masu tashoshi da ƙungiyoyin masu sauraro shi ne su riƙa tambaya, duk lokacin da aka buɗe layi: mutum nawa ne suka san juna ta dalilin wannan fili, kuma me suka yi wa juna bayan an rufe shi?